Lissafin tarar littafin laburare daga kwanan wata: ina kod ɗin nan yake tuntuɓe?

Nura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani aiki da ake yawan ba masu koyon rubuta manhaja, ina so mu duba shi tare. Za a ba ka kwanan wata biyu, ranar wa'adin dawo da littafi da ranar da aka dawo da shi. In an dawo da shi ranar wa'adi ko kafin nan, babu tara. In an makara amma cikin watan, 20 kowace rana. In wata ya shige amma shekara ba ta juya ba, 600 kowane wata. In shekara ta juya, 12,000 kai tsaye. Ga kod ɗin da ake tantama a kansa, a yaren Python, inda `_d` ke nufin ranar dawowa, `_w` kuma ranar wa'adi:

```
if wata_d > wata_w:
    tara = 600 * (wata_d - wata_w)
elif rana_d > rana_w:
    tara = 20 * (rana_d - rana_w)
elif shekara_d > shekara_w:
    tara = 12000
else:
    tara = 0
```

Yana cin wasu gwaje-gwajen, yana faɗuwa a wasu. Wanda ya ga inda matsalar take ya taimaka.

Malama Hauwa:
Wa alaikumus salam Malam Nura. Jerin sharuɗɗan ne ya birkice. Kwanan wata daga babba ake kwatanta shi zuwa ƙarami: shekara, sannan wata, sannan rana. Ba a duba wata sai an tabbatar shekarar ɗaya ce, ba a kuma duba rana sai an tabbatar watan ɗaya ne.

Gwada wannan: wa'adi 10 ga Janairu 2024, an dawo da littafi 28 ga Disamba 2023. Mutumin ya kawo shi kwana 13 kafin lokaci. Amma kod ɗin zai ga 12 ta fi 1, ya ninka 600 sau 11, ya ci shi tarar 6,600. Na biyu: wa'adi 5 ga Mayu, an dawo 20 ga Afrilu, shekara ɗaya. Sharaɗin wata bai cika ba, sai ya gangara kan rana, ya ga 20 ta fi 5, ya rubuta 300. Shi ma bai makara ba.

Ka fara kawar da wanda bai makara ba, saura sai su zo da sauƙi:

```
if (shekara_d, wata_d, rana_d) <= (shekara_w, wata_w, rana_w):
    tara = 0
elif shekara_d > shekara_w:
    tara = 12000
elif wata_d > wata_w:
    tara = 600 * (wata_d - wata_w)
else:
    tara = 20 * (rana_d - rana_w)
```

Python yana kwatanta irin wannan jerin ɗaya bayan ɗaya daga hagu, shi ya sa layin farko ya wadatar. Da zarar an wuce shi an san an makara, don haka in shekarar ba ta fi ba to daidai take, haka ma watan.

Bashir:
Gyaran Malama daidai ne in dai cin gwaji ake so. Amma kada wani ya ɗauki dokar nan ya kai ta laburare na gaske, don ba ta da adalci ko kaɗan. Wa'adi 31 ga Disamba, an kawo 1 ga Janairu: kwana ɗaya tak, tara 12,000. Wa'adi 2 ga Janairu, an kawo 31 ga Disamba: kusan shekara guda littafin yana hannunsa, tara 6,600. Wanda ya makara da kwana ɗaya ya biya kusan ninki biyu na wanda ya riƙe wata goma sha ɗaya. Dokar iyakokin kalanda take ƙirgawa, ba tsawon makara ba. An tsara ta ne don a koya wa ɗalibi jera sharaɗi, iyakarta ke nan.

A aiki na gaske tambaya ɗaya ce: kwana nawa ne tsakanin ranakun biyu? In ka samu wannan lambar, komai a kanta ake gina shi.

```
from datetime import date
kwanaki = (date(2024, 3, 3) - date(2024, 1, 25)).days
```

Amsa 38: kwana 6 da suka rage a Janairu, 29 na Fabrairu, 3 na Maris.

Sadiya:
Ni dai ban goyi bayan a miƙa wa mai koyo `datetime`, kayan lissafin kwanan wata na Python, tun ranar farko ba. In bai taɓa ƙirga kwanakin da hannunsa ba, ba zai gane amsar banza ba ranar da ta fito masa. Kuma lissafin bai da tsawo. Ka mayar da kowane kwanan wata lamba ɗaya, ka ɗebe ɗaya daga ɗaya:

```
def lambar_rana(sh, w, r):
    if w <= 2:
        sh -= 1
        w += 12
    return (365*sh + sh//4 - sh//100 + sh//400
            + (153*(w - 3) + 2)//5 + r)
```

Dabarar ita ce a ɗauki Maris a matsayin farkon shekara. Fabrairu sai ya koma can ƙarshe, ranar 29 ɗinsa ta zama ranar ƙarshe, ba ta ture kowane wata daga wurinsa. Tsawon watanni daga Maris yana bin tsari, 31, 30, 31, 30, 31, wato kwana 153 duk wata biyar, sai ya maimaita. Daga nan 153 da 5 suka fito. Sashen `sh//4 - sh//100 + sh//400` kuwa shi ne dokar shekara mai kwana 366: wadda 4 ta raba, ban da wadda 100 ta raba, sai in 400 ta raba ta. Shi ya sa 2000 ta samu 29 ga Fabrairu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba.

Gwaji: 28 ga Fabrairu 2024 tana ba da 739,250, sannan 1 ga Maris 2024 tana ba da 739,252. Bambanci 2. A 2023 kuwa 738,885 da 738,886, bambanci 1.

Bashir:
Malama Sadiya, don koyo na yarda da ke. Amma fankshin ɗinki zai karɓi 31 ga Afrilu da 30 ga Fabrairu ya ba da lamba ba tare da ya ce uffan ba. `date(2023, 2, 29)` kuwa nan take zai tsaya da saƙon kuskure na `ValueError`. A manhajar da za ta caji mutane kuɗi, wannan tsayawar ake so.

Sadiya:
Gaskiya ne, tantance ranar aiki ne daban, dole a ƙara shi. Sai dai ba kowane yare ne yake tsayawa ba ko da an yi amfani da kayansa. A JavaScript, `new Date(2024, 1, 31)` ba ya ƙorafi. Watanni a can daga 0 suke farawa, don haka 1 Fabrairu ne, kuma tunda babu 31 sai ya zarce ya ba ka 2 ga Maris. Kuskure biyu a layi ɗaya, babu wanda ya yi ƙara. `tm_mon` na C da tsohon `Calendar` na Java su ma daga 0 suke ƙirga wata. Wanda ya san lissafin da hannu shi zai lura.

Injiniya Kabir:
Tunda an shigo wasu yarukan, bari in kawo inda ake yawan zamewa da misalin Malam Bashir, wanda amsarsa 38 ce.

A Java, `Period.between(waadi, dawowa).getDays()` zai ba ka 7. Ba ƙarya ya yi ba: tazarar wata 1 ce da kwana 7, kai kuma ɓangaren kwanan kawai ka tambaya. Abin da ake so shi ne `ChronoUnit.DAYS.between(waadi, dawowa)` a kan `LocalDate`, wanda ya zo tun Java 8 a 2014. Wannan kuskuren yana da wuyar ganowa, domin duk makarar da ba ta kai wata ba amsarta daidai take fitowa, sai wanda ya daɗe da littafi ne tararsa ke raguwa.

Sai manhajojin rumbun bayanai. A MySQL, in ka ɗebe rana daga rana da alamar ɗebewa, zai mayar da su lambobi: 20240303 ban da 20240125, wato 178. Sai da `DATEDIFF(dawowa, waadi)`. A PostgreSQL kuwa ɗebewar kai tsaye daidai ce in dukansu nau'in `date` ne, tana ba da 38. SQL Server shi ma yana da `DATEDIFF` amma jerin a juye yake, `DATEDIFF(day, waadi, dawowa)`. Wanda ya kwaso kod daga MySQL ya ƙara `day` kawai zai samu -38, in kuma akwai `max(0, ...)` a gaba sai ta zama sifili, kowa ya tafi ba tara, kuma ba mai zuwa ƙorafi. A SQLite `julianday` ake amfani da shi a kan ranakun biyu a ɗebe.

Kuma a adana kwanan wata da tsarin ISO 8601, shekara-wata-rana, 2024-04-03. Rubutu irin 03/04/2024 a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila 3 ga Afrilu. Tazarar kwana 30 ke nan tun ba a fara lissafi ba.

Nura:
Na gode ƙwarai. To wanda yake JavaScript fa, ba sai ya ɗebe ranakun biyu ya raba da 86,400,000 ba? Ai adadin milisakan na rana ɗaya ke nan.

Injiniya Kabir:
A nan gizo ke saƙa, Malam Nura. Ba kowace rana ce take da awa 24 ba. Ƙasashen da ke sauya agogo suna da rana ɗaya mai awa 23 da wata mai awa 25 a shekara. A New York an matsar da agogo gaba ranar Lahadi 10 ga Maris 2024. Daga sha biyun daren da ya buɗe 9 ga Maris zuwa wanda ya buɗe 11 ga Maris awa 47 ne. Raba da 24 ka samu 1.958, `Math.floor` ya mayar da shi 1, alhali kwana 2 ne. `Math.round` yana rufe wannan, amma sai in dukan ranakun a kan sha biyun dare suke. Hanyar da ta fi tsabta ita ce ka ciro shekara, wata da rana, ka gina su da `Date.UTC(sh, w - 1, r)`, tunda UTC, agogon bai ɗaya na duniya, ba ya sauyawa, sannan ka raba.

Akwai kuma wannan: `new Date("2024-03-10")` ana karanta shi a matsayin UTC, amma `new Date(2024, 2, 10)` agogon na'urar yake bi. In ka haɗa su a lissafi ɗaya, wanda agogonsa yake bayan UTC zai ga ranar farko ta koma 9 ga wata.

Malama Hauwa:
In ƙara kan na Injiniya. Ko a ƙasar da ba a sauya agogo, matsalar tana nan in sabar, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, tana kan UTC. Laburaren da ke awa biyar bayan UTC, mutum ya kawo littafi ƙarfe takwas na dare ranar wa'adi. A agogon sabar ƙarfe ɗaya na dare ne na washegari, sai a ci shi tarar kwana ɗaya bai ji ba bai gani ba. Laburaren da ke gaban UTC kuwa akasin haka ne, wanda ya kawo jim kaɗan bayan sha biyun dare sai ya kuɓuta.

Don haka abu biyu ne, kada a cakuɗa su. Wa'adi rana ce ta kalanda, a adana shi a matsayin `date`, babu awa. Lokacin dawowa kuwa wani lokaci ne takamaimai, a adana shi da UTC, in an zo lissafi a juya shi zuwa agogon laburaren sannan a yanke awa:

```
from zoneinfo import ZoneInfo
dawowa = lokaci_utc.astimezone(ZoneInfo(yankin_laburare)).date()
```

`zoneinfo` yana cikin Python tun 3.9. Juyawa ce farko, yankewa daga baya. In aka yanke kafin a juya, an koma gidan jiya.

Maryam:
Duk kun tsaya kan kalanda, amma rigimar da ake yi a teburin karɓar littafi yawanci ba daga nan take fitowa ba. Daga dokar da ba a rubuta ta filla-filla ba take fitowa. Kafin a taɓa kod, sai mai kula da laburaren ya amsa waɗannan a rubuce.

Ranar da laburare yake rufe ana ƙirga ta? A ce Lahadi ake rufewa. Wa'adi Juma'a 8 ga Maris 2024, an kawo Litinin 11 ga wata. A kalanda kwana 3 ne, a ranakun aiki 2. In wa'adin kansa ya faɗa ranar rufewa, tun lokacin bayar da aro ya kamata a matsar da shi zuwa ranar buɗewa ta gaba, a buga wa mai aro ranar da aka matsar, ba a bari sai wajen tara ba. In akwai akwatin jefa littafi a waje, abin da aka kwashe da safe ranar buɗewa ta baya ake rubuta masa, don ba a san lokacin da aka jefa ba.

Sai kwanakin rangwame, wato kwanakin da ake ɗaga wa mai aro ƙafa bayan wa'adi, waɗanda ma'anarsu biyu ce. A ce rangwame kwana 3 ne, tara 20, an makara kwana 5. Wani laburaren zai ce tunda ka wuce rangwamen sai ka biya duka, 100. Wani zai ɗebe ukun, ka biya na kwana 2, wato 40. Dukansu ana yi. Koha, manhajar laburare ta kyauta da aka fara a New Zealand a 1999, zaɓi ta bayar kan wannan da kan ƙirga ranakun rufewa, ba ta yanke wa kowa hukunci ba. A ganina hanya ta biyu ta fi dacewa, domin ta farko tana sa tara ta yi tsalle daga sifili zuwa 80 a rana ta huɗu, kuma irin tsallen da Malam Bashir ya soka ne a sama, sai dai ƙarami.

Na ƙarshe iyaka. Tara ba ta kamata ta wuce kuɗin sayen wani littafin ba, in ba haka ba mutum ya gwammace ya ce ya ɓata.

Malama Hauwa:
Madalla da wannan, Malama Maryam. Shi ya sa nake raba aikin gida biyu, ɗaya yana ƙirga kwana bai san kuɗi ba, ɗaya yana lissafa kuɗi bai san kalanda ba:

```
from datetime import timedelta

def kwanakin_makara(waadi, dawowa, a_rufe):
    n = 0
    r = waadi + timedelta(days=1)
    while r <= dawowa:
        if not a_rufe(r):
            n += 1
        r += timedelta(days=1)
    return n

def tara(kwanaki, kudin_rana, rangwame, iyaka):
    biya = max(0, kwanaki - rangwame)
    return min(biya * kudin_rana, iyaka)
```

Ƙirgar daga washegarin wa'adi take farawa, kuma ranar dawowa tana ciki. In an kawo da wuri zagayen `while` ba ya ma farawa, amsa sifili. In laburare ya zaɓi ɗaya ma'anar rangwamen, layi ɗaya za a canza a fankshin na biyu. `a_rufe` yana duba ranar mako da jerin ranakun hutu. A lura, `weekday()` na Python Litinin ce 0, Lahadi 6, amma `getDay()` na JavaScript Lahadi ce 0.

Bashir:
Zagayen nan bai yi nauyi ba, Malama? Littafin da ya shekara goma a waje sai an zaga sama da sau 3,650. `numpy.busday_count`, mai ƙirga ranakun aiki, zai yi shi a kira ɗaya.

Malama Hauwa:
Zagaye dubu uku ba komai ba ne wajen kwamfuta, kuma in ana so za a iya tsayar da shi da zarar tara ta kai iyaka: iyaka 2,000 da 20 a rana, kwana 100 bayan rangwame an gama. `busday_count` yana da kyau in bayanan suna da yawa, amma shi yana ƙirga ranar farko ya bar ta ƙarshe, akasin abin da muke so, sai an ƙara kwana ɗaya a kan dukan ranakun. `NETWORKDAYS.INTL` na Excel kuma duka biyun yake ƙirgawa, sai a fara shi daga washegarin wa'adi. Har ma alamarsu ta saɓa: a numpy `1111110` na nufin Lahadi a rufe, don 1 ranar aiki ce, a Excel kuwa `0000001` za ka rubuta, don 1 ranar hutu ce. Ni na fi son zagayen da ma'aikacin laburare zai iya bi da yatsa a kan kalanda ya samu amsa ɗaya da ta manhaja.

Sadiya:
Ga masu Excel ɗin, ku tsare gurbin da ba a cike ba. Excel sifili yake ɗaukarsa, ita kuwa 1 ga Janairu 2024 lambarta 45,292. In gurbin wa'adi ne babu komai, tarar sama da kwana dubu arba'in da biyar za ta fito. A sa `IF` ya duba gurabun biyu kafin ɗebewa.

Injiniya Kabir:
Saura batun adanawa, wanda shi ne ya fi ɓarna in manhaja ta fara aiki. Da yawa suna rubuta aikin dare da ke ƙara 20 a kan kowane littafin da ya makara. Daren da sabar ta mutu, ba a ƙara wa kowa ba. Daren da aikin ya gudana sau biyu, an ƙara wa kowa 40. Bayan wata shida ba wanda zai iya cewa lambar da ke rumbun bayanai daga ina ta fito. Kada a tara tara. Kowane dare a sake lissafa ta daga wa'adi zuwa yau, a maye gurbin tsohuwar. Ko sau goma aka gudanar, amsa ɗaya ce. Sai ranar da littafi ya dawo ake kulle lambar.

Kuɗin kuma a riƙe shi da cikakkiyar lamba ta mafi ƙanƙantar ɓangaren kuɗin, ko da `Decimal`. Rubuta `0.1 * 3` a Python ka gani: 0.30000000000000004. Mutum ya biya 0.30, manhaja ta ga saura bai kai sifili ba, ta hana shi aro.

Maryam:
Injiniya, sake lissafin yana da sharaɗi. In aka ƙara tara daga 20 zuwa 30 yau, lissafin daren nan zai caji kwanakin baya duka da sabon kuɗi. A kwafi kuɗin rana, rangwame da iyaka a cikin layin aron tun ranar da aka ba da littafin, lissafi ya karanta daga can. Haka in aka sabunta aro bayan an riga an makara: a kulle tarar da ta taru a rubuta ta daban kafin a canza wa'adi, in ba haka ba sabon wa'adin zai shafe ta.

Injiniya Kabir:
Haka ne, na yarda. Jerin ranakun hutu ma haka yake, kada a goge na shekarar da ta wuce in sabuwa ta shigo, don aron da ya ratsa shekaru biyu yana buƙatar duka.

Nura:
To wajen gwaji, ta yaya za a gwada littafin da bai dawo ba, tunda yau kullum canzawa take?

Malama Hauwa:
Kada fankshin ya kira `date.today()` a cikinsa. Miƙa masa ranar daga waje, kamar yadda `kwanakin_makara` yake karɓar `dawowa`. In littafi bai dawo ba, mai kiran ne zai ba shi ranar yau ta agogon laburaren, a gwaji kuma ka ba shi ranar da kake so.

Gwada su ba tare da ranar rufewa ba tukuna. Ranar wa'adi kanta, 0. Washegari, 1. Daga 28 ga Fabrairu zuwa 1 ga Maris, 2 a 2024, 1 a 2023, 1 a 2100. Daga 31 ga Disamba zuwa 1 ga Janairu, 1. Wa'adi 10 ga Janairu 2024 da dawowa 28 ga Disamba 2023, 0. Daga 25 ga Janairu zuwa 3 ga Maris 2024, 38. Sannan ka rufe Lahadi ka gwada 8 zuwa 11 ga Maris 2024, ka samu 2. A ɓangaren kuɗi, da rangwame 3 da tara 20 da iyaka 2,000: kwana 3 ya ba da 0, kwana 4 ya ba da 20, kwana 103 ya ba da 2,000, kwana 104 ma 2,000. Sai ka saita agogon sabar gwajin zuwa UTC, yankin laburaren zuwa New York, ka shigar da dawowa ƙarfe 11:59 na daren wa'adi da kuma 12:01, na farko ya fito 0, na biyu 1.